Bangon da Ya Ba Teku Baya

Zuwa ga aminiyata Nevena,

Gaisuwa mai yawa irin ta waɗanda suka tsufa tare. Yaya ƙafar taki, yaya jikoki, yaya zaman birnin Sofiya? Ina fatan sanyin kaka bai fara taɓa ki ba.

Kin tambayi jikina, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Aikin da aka yi mini a hanji bai kwashe ciwon ba. Likita ya ce in na ga ƙarshen zafi mai zuwa, in gode wa Allah. Ban gaya wa mijina Stamat ba, ke ma ki kama bakinki.

Abin da ya fi ciwon ci mini rai shi ne zaman ɗaki. Tun da aka sallamo ni cikina ba ya jira, in ya motsa sai dai in banɗaki na kusa. Kin tuna bencinmu na lambun bakin teku, inda muke zama in mun taso daga kamfanin kifi muna gulmar masu wucewa? Sau ɗaya na gwada zuwa. Tsohon banɗakin lambun yana garƙame, gishiri ya cinye ƙyauren, rodi ya fasa bango ya leƙo. Abin da ya same ni a hanyar dawowa ba zai rubutu ba. Matar mai gidan burodi ta gani, ta kau da kai. Tun ranar ban sake taka waje ba.

Yanzu hukumar gari ta ba da aikin gina sabo, kuma Stamat ne babban magini. Na ce, "Tsoho, ka yi sauri, ina so in zauna a bencina." Ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar tsohuwa, teku ba gudu zai yi ba." Teku kam ba zai gudu ba.

Ki gaida yaran.

Taki har kullum,
Zlatka

Nevena 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hunturu. Ina fatan tarin nan ya sake ki.

Yau a fusace nake rubuto miki. Mutumin nan zai kashe ni kafin ciwo ya kashe ni. An kawo yashi, ya ɗanɗana da harshe ya ce na bakin teku ne, gishirinsa zai ci rodi, a mayar. Aka zauna jiran yashin kogi. Ya ɗaga daɓen ya kai gwiwa saboda ambaliya. Ya juya ginin ya ba teku baya, ya bar kafofin iska a ƙarƙashin rufi don laima ta fita. Yanzu kuma wai yaɓen bai bushe ba, kuma ba zai kafa ƙyaure ba sai wanda ba ya tsatsa ya iso.

Na ce, "Wai coci kake ginawa ko wurin tsuguno?" Ya ce, "Coci ai ranar Lahadi ake shiga, wannan kullum ne. Shekara hamsin zai yi, ki rubuta ki ajiye." Nevena, saura ƙiris in faɗa masa. Na haɗiye, na ce miyarsa na hucewa. Na tsani haƙurinsa, kuma saboda haƙurin nan na aure shi.

Wani abin kuma ya taso. Kin san takardun sanarwar mutuwa masu hoton mamaci da ake liƙawa ba sa kwana a jikin bishiyoyin lambun, iska da laima ke kwashe su. To mutane sun gano bangon Stamat na wajen ƙofa shi kaɗai ne iskar teku ba ta duka, sun fara liƙa mamatansu a kai. Kullum sai ya yage su, ya dawo yana kumfar baki: "Gini ko bushewa bai yi ba, sun mayar mini da shi maƙabarta!"

Na rame sosai. Zoben aurena a babban yatsa yake yanzu, shi kuwa hankalinsa na kan gini.

Taki,
Zlatka

Nevena tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

An gama. Jiya Stamat ya kai ni lambun a keken guragu da ya aro, don ƙafa ta daina ɗaukata. Na zauna a bencinmu har rana ta yi sanyi, na ci soyayyun ƙananan kifi biyu, na yi gulma ni kaɗai. Da cikin ya motsa ban tsorata ba. Akwai gangare maimakon matakala, da ƙarfen dafawa daidai hannuna. Na yi kuka a ciki, ba don ciwo ba.

Da muka fito sai na ga wani allo a jikin bangon nan, mai murfin gilashi da ɗan rufi a kansa, yana kallon bencinmu. Ba komai a ciki. Na ce, "Wannan fa? Ba kai ke yage takardun mutane ba?" Bai dube ni ba, ya sa hannun riga yana goge gilashin da ba datti. Ya ce, "Ba ya cikin zanen, ni na ƙara. Takarda ba ta jure laimar garin nan, Zlatka. Ba zan iya zuwa da safe in tarar da fuskar mutum a ƙasa ana takawa ba."

Ashe ya sani. Ban tambaye shi tun yaushe ba. Ya gyara mini bargo muka kamo hanya.

Ki aiko mini hoton nan da muka ɗauka a bikin ƙanwarki, wanda nake dariya, shi nake so a sa a takardata. Ki zo da wuri in ƙafar ta bari. In kuma kin makara, ki zauna a bencinmu ki ɗaga kai, ina nan cikin gilashin, a bushe.

Taki har abada,
Zlatka