An yashe rijiya, amma don wa?

Daren Talata, 9 ga Sha'aban, Makarfi

Yau Baba Tanko ya kawo masu yasa biyu suka shiga rijiyarmu. Tun kafin a ba mu mulkin kai nake haya a gidansa, nake kuma roƙonsa a yashe ta. Kullum amsarsa ɗaya ce: shi ɗaki ya ba ni, ruwa kuwa mai sha ya gyara. Sai ga shi yau har da sabon guga, wai gobe ma za a yaɓe soro.

Na ce, "Baba, an gode, amma lafiya?"

Ya ce, "Haba Malam, ai aikin mai gida ne."

Yau ya tuna?

Da na dawo daga makaranta, matata Hajara ta ce da azahar Baba Tanko ya sa ta shige ɗaki, zai shigo da baƙo. Ta leƙa ta ga sabon malamin gona ne. Baƙon ya kurɓi ruwan rijiyar, ya ce, "Iyalina za su ji daɗinsa."

Ɗaki biyu ne kacal a gidan nan, duka kuma mu ke ciki. Ɗazu ta kawo min ruwan, garau da shi. Na ture kwanon gefe.