Sifirin goma sha shida

Litinin, 3 ga Maris
Sifirin ɗin bawul da na yi oda sun iso, guda goma sha shida, masu tauri. Na yanzu sun yi laushi: da allurar juyin inji ta kai dubu bakwai sai inji ya fara tari, bawul ba sa rufewa da wuri, ina ji ina gani abokin hamayyata Dogo ya wuce ni. Tseren ranar Asabar ne. Na kai wa Yaya gareji, shi ke taɓa motata tun da na saye ta. Ya auna ɗaya, ya taɓe baki. "Auta, waɗannan ba su dace da kam ɗinka mai danna bawul ba. In ya danna su har ƙasa, za su haɗe." Daga auna guda ɗaya!

Talata, 4 ga Maris
Motar Dogo a garejin Yaya, bonet a buɗe. Wai canjin mai. Tun yaushe canjin mai yake cin awa biyu ana ƙus-ƙus?

Laraba, 5 ga Maris
Na gane wasan. Zai ce ba su yi mini ba, kwana biyu su ɓulla a injin Dogo. Na ɗiga wa kowanne jan fenti, na ƙirga, na mayar kwali. Yaya yana kallona daga ƙarƙashin wata mota. "Ka ƙirga da kyau dai," in ji shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Uwa ɗaya uba ɗaya fa.
Na gaya wa matata, ta ce in dai zargi ne, ni ko agogon bango ban yarda da shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Da rana Yaya ya tafi ɗauko yara daga makaranta. Na cire murfin inji, na sa sababbi biyu a silinda ta farko da hannuna. Saura kaɗan in murza makulli, sai na ce bari in fara juya injin da sifana, yadda yake yi. Ya juya rabi, ya cije. Na ƙara ƙarfi, ko motsi. Na haska fitila: sifirin ya matse gam, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Da na tayar, da kam ɗin ya tafi, wataƙila har da kan injin.
Na mayar da tsofaffin. Na goge ko'ina.

Juma'a, 7 ga Maris
Yaya ya taɓa noti ɗaya ya ce, "Wanda ya ɗaure wannan sauri yake yi." Ya ciro wasu sifirin daga durowarsa, taurinsu tsaka-tsaki, ya auna su ɗaya bayan ɗaya a gabana. Ashe tun Talata ya karɓo su wajen Dogo, da ƙyar ma Dogon ya rabu da su. Na yi ta kallon takalmina.

Asabar, 8 ga Maris
Dubu bakwai da ɗari shida, babu tari. Na zo na uku. Dogo na ɗaya, kuma har yanzu zan so in leƙa cikin injinsa.
Kwalin masu jan fenti yana kan bencin Yaya. Na bar masa makullin mota, ya ce zai duba wani abu. Sai da na iso gida na tuna ban tambaye shi ko mene ne ba. Sifirin na kwali kuma ban ƙirga su ba.