Layinmu Ya Karkace, Kuma Haka Zai Zauna

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya lafa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan ƙalau muke. Umma ta warware sarai, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Na san abokinka shugaban makarantarmu ya riga ni kai ƙara, to ga nawa bakin. A ɗakin gwaji ina koya wa ɗalibai auna saurin haɗuwar sinadarai biyu. Ana zana alama a takarda, a ɗora kwalbar gilashi a kai, a zuba sinadaran. Ruwan yana ta yin dishi-dishi har alamar ta ɓace, sai a tsayar da agogo. Da muka zana lambobin sakamakon ajin a jadawali, layin da ya kamata ya miƙe ya fito a karkace. Ban tsawata wa kowa ba, na ce su nemo dalili. Su da kansu suka gano cewa na kusa da taga suna daɗewa suna hango alamar, na lungu kuwa, inda ƙwan fitila ya mutu tun bara, tana ɓace musu da wuri. Suka yi musayar tebur, lambobin ma suka juya. Kawu, ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba.

Shi kuwa shugaba ya ce masu duba makarantu na tafe, in goge lambobin da suka kauce in cike da na littafi. Ya ce in na ƙi, in nemi wani aikin, har da tuna min cewa kai ka samo min wannan. Na ce masa ƙwan fitila ne ke buƙatar canji, ba lambobi ba.

Na san za ka ce in je in ba shi haƙuri. Ina ganin girmanka, ina kuma tsoron zaman banza, amma ba zan je ba. Wata ɗaliba ta tambaye ni a gaban aji ko abin da suka gani za su rubuta, ko abin da ake so su gani. Na riga na ba ta amsa. Karkataccen layin na manne a bango, dalilinsa a ƙasa, kuma ɗaliban ne za su yi wa masu dubawar bayani.

Ka gaishe min da Inna, da Yaya Babba, da Auta. Ka ce wa Inna kada ta cika ɗakin baya da kaya tukuna, wataƙila in buƙace shi.

'Yar ƙanwarka,
wadda ta gaji taurin kanka.