Karnukan Bitrus a Cikin Ƙanƙara

Sabon Tasha, daren Talata, Yuni 1999

Yau na karɓo hotunan kyamarar ƙanena Bitrus, wadda aka aiko daga Kanada bayan rasuwarsa. Shi da ya ce sai soja sun sauka daga mulki zai dawo.

Mai wankin hoto ya ce fim ɗin ya ƙone, komai fari fat, har ya zubar da rabi. Alhali dusar ƙanƙara ce. Karnuka ne ke tseren jan keke marar taya, ƙanƙara har ƙirjinsu. A hoto ɗaya ga inuwar Bitrus riƙe da kyamara.

Mama ta daɗe tana shafa inuwar, ta ce, "Cikin wannan sanyin suka binne min yaro?"

Zafi ake yi, amma ga ni cikin bargo.