Kunun Kanwar Hajiya Hajo

Yakasai, Kano
8 ga Oktoba

Zuwa ga Sista Lami Ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da sauran sistoci. Takardarku ta iso jiya Litinin, ƙarfe sha ɗaya da kwata. Sau shida na karanta ta! Wata biyu kacal da gama makarantar ungozoma, ga shi kun ɗauke ni aiki a asibitinku. Har yanzu ban iya cin abincin kirki ba don murna.

Sai dai akwai matsala. Mahaifiyata ta rasu ina da kwana talatin a duniya. Kakata Hajiya Hajo ce ta raine ni, kuma ba zan je ko'ina ba sai da yardarta. Kun ce in ba da amsa kafin Juma'a, 25 ga wata, ko a bai wa wata gurbin.

Na yi mata bayani yadda na karanta a takardarku: ku Sistocin Uwar Taimako ne, na cocin Katolika, ku goma sha tara a gidaje huɗu, kuma kun yi alkawari uku: ba aure, ba tara dukiya, sai biyayya. Ta ce, "Mace ba miji, ba ko akuya? To wa ke tsawata musu?" Ta ce ba ta ba da jikarta ga takarda, sai ta ga fuska.

Don Allah ki zo ranar Asabar, 19 ga wata. Ki sauka a Ƙofar Mata, zan tsaya a bakin titi tun ƙarfe tara. Roƙo ɗaya: Hajiya ta yi shekara arba'in da ɗaya tana karɓar haihuwa a unguwarmu, kuma kowace mai jego ita ke dama mata kunun kanwa. Kada ki taɓo zancen kanwa.

Taki cikin ladabi,
Bahijja Jibrin

*

11 ga Oktoba

'Yata Bahijja,

Na gaishe ki, na gai da Hajiya da kyau. Ki ci abinci, ba ma ɗaukar ungozomar da iska za ta kayar.

Ki gaya wa Hajiya ni ma Bahaushiya ce, daga wani ƙauye a Rogo, kuma akwai shugabarmu mai tsawata mana, har ta fi miji faɗa. An kafa ƙungiyarmu ne saboda matan da naƙuda ke kamawa nesa da asibiti. Mun bar aure da dukiya don kada wani abu ya riƙe mu idan an buga ƙofa. Wadda ta zo, ba ma tambayar ta masallaci take zuwa ko coci. Akwai ɗaki da tabarma da buta, ma'aikatanmu Musulmi biyar nan suke salla.

Kanwa kuwa, ba ni zan tayar da zancen ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi wa tsohuwa ƙarya ba.

Sai Asabar, in Allah ya kai mu.
Sista Lami

*

Yakasai
22 ga Oktoba

Sista,

Ina gaisuwa, da fatan kin koma lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, hankalina ba a kwance yake ba.

Komai fa ya fara da kyau! Minti hamsin kuna dariya, na duba agogo. Kin sha fura da ludayinta. Da ta ce, "Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, me kika sani?" kika ce, "Hannuna ya karɓi jarirai dubu biyu, Hajiya, naki fa?" Ta ce, "Ja'ira, ni ba na ƙirga kyautar Allah." A lokacin har na fara tunanin jakar da zan zuba kaya.

Sai ta tambaye ki ko kuna ba masu jego kunun kanwa. Na yi tari sau biyu, ba ki ko kalle ni ba. Kika ce kanwa mai yawa, ga wankan ruwan zafi safe da yamma, kan wahalar da zuciyar mai jego, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Gaskiya ne, mun karanta a aji biyu. Amma shekara biyu ina riƙe da wannan a cikina ban faɗa mata ba.

Tun da kika tafi ba ta yi zancenki ba. Jiya an aiko daga gidan Malam Shehu, maƙwabcinmu, a dama wa mai jego kunu, ta ce a ce ba ta jin daɗi. Saura kwana uku. Ina ganin ku nemi wata.

Bahijja

*

Yakasai
23 ga Oktoba

Hajiya ce ke magana, ni rubutu kawai nake yi.

Lami, ina gaishe ki da aiki. Halima, uwar yarinyar nan, da hannuna na dama mata kunun kanwa, kullum sau uku, don ina son ta. Ƙafarta ta kumbura, ta tafi. Shekara ashirin da uku mutane na ce mini kwana ne ya ƙare. Kwana ne, na sani. Amma ba wanda ya taɓa kallon idona ya gaya mini sauran sai ke, a ɗakina, da furata a cikinki.

Wadda ba ta ji tsorona ba, ba za ta cuci jikata a ɓoye ba. Na ba ki ita. Ki tashe ta sallar asuba, nauyin barci gare ta.

Gidan Malam Shehu kuma na je ɗazu. Kunun gyaɗa na kai.

Allah ya yi miki albarka.
Hajo

Sista, ni ce. Ɗaya ga Nuwamba, bakwai da rabi, ina bakin ƙofarku. Na ci abinci.