Mama, gobe zan cika kwana talatin ban sha ba

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Laraba,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi irin na ɗa ga uwarsa, ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Ni ne Bulus, autanki, nake rubuto miki daga Doha. Idan kin tambayi lafiyata, da sauƙi. Ba zan ce lau ba, don tun kina da rai ban iya yi miki ƙarya ba, balle yanzu.

Shekara huɗu ke nan da muka binne ki, ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Yau ma ba son rubutu ne ya zaunar da ni ba, zaman ne ya gagare ni. Na share ɗaki sau biyu. Na wanke kwanon da yake a wanke. Na sauka shagon ƙasa na sayo albasa, alhali ina da albasa. Sai na ce bari in gaya miki abin da ke damuna, waɗanda suke bin labarin nan a shafina su ma su karanta, tunda su na ɗaukar wa alkawari.

Gobe zan cika kwana talatin ban sa giya a bakina ba.

Na san abin da za ki fara tambaya: yaushe ka fara sha har ake ƙirga maka kwanakin bari? Zan zo wurin. Bari in fara da Goggo Saratu.

Ƙawarki, wadda kuka yi shekara talatin kuna dafa burkutu a murhu ɗaya. Kin bar ta tana gani dishi-dishi. Yanzu yanar ido ta rufe mata idanu biyun. Yaya Rifkatu ta ce da igiya take zuwa bayan gida, an ɗaura mata daga ƙofar ɗaki tana bi da hannu. Likita ya duba ya ce aiki ne ƙarami, a cire yanar ta ga gari. Kuma ba ita kaɗai ba ce, tsofaffin unguwarmu da yawa haka suke zaune. Ni dai hayaƙin murhun nan nake zargi, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Saƙon Yaya Rifkatu ya same ni ranar Juma'a. A nan Juma'a muke zuwa coci, Mama, ita ce ranar hutu. An tashi daga sujada mun wuce otal da abokai kamar yadda muka saba, don a ƙasar nan ba a ko'ina ake sayar da giya ba. Da kofin giya a hannuna na karanta. Wani a cikinmu ya ce Turawan da yake aiki da su suna da wata dabara: mutum ya bar sha wata guda, jama'a su riƙa ba da gudummawa a kan kowace ranar da ya jure, a haɗa a yi aikin alheri.

Kin san bakina. Na ce wata guda kawai? Ni ko uku sai in yi ina dariya. Kafin mu tashi na riga na rubuta a zauren wayarmu na masu jin Hausa da ke Doha. Sharaɗi ɗaya na sa da kaina: ranar da na sha, ranar gudummawa ta tsaya. Na ɗauka Goggo Saratu nake yi wa alheri.

To, ga amsar tambayarki. A nan na koya. Sai albashin mutum ya kai wani matsayi, kuma wurin aikinsa ya ba shi takarda, kafin a ba shi katin sayen giya ya kai gida. Ranar da na karɓi nawa har hoto na ɗauke shi. Na ji na zama wani abu, ɗan mai burkutu da katin manya a aljihu. Ina tashi daga asibitin da nake gyaran na'urori, in dawo ɗakina a unguwar Bin Mahmud, in rufe ƙofa, in kunna sanyi. Da kwalba ɗaya na fara. Bayan rasuwarki na daina lura da ko ta nawa ce.

A gida ba haka ake sha ba. A gindin ɗorawa ake zama, a kan benci, kowa na ganin kowa. Kuma ga ki.

Har yau ina ganin yadda kike yi. Ba ki taɓa yi wa mai saye gardama ba. In ya nemi ƙari, sai ki cika ƙoƙon fal har baki, ki miƙa masa, ki ce ya karɓa da hannu ɗaya. Idonki ba ya kan fuskarsa, yana kan hannun. In ya kai baki bai zubar ba, ya sha abinsa. In ko ɗigo ya zuba a ƙasa, sai ki karɓe ki juye a tukunya ki ce, "Ka sha na yau. Tashi ka je gida, matarka ta dafa tuwo."

Manyan mutane na gani sun yi miki magiya. Akwai wanda ya ce iska ce ta kaɗa masa hannu. Kika ce to ya je ya dawo ranar da babu iska. Goggo Saratu tana gefe tana tace tsiro tana dariya, don ita ba ta ma bukatar ƙoƙon. Tun mutum yana tahowa daga nesa take duban idonsa ta ce miki, "Laraba, wannan kar ki wahalar da ludayinki."

Kwana biyun farko na yi su da fara'a, har da hotuna ina riƙe da gorar ruwa. Rana ta uku da safe ina wurin aiki, na buɗe bayan wata na'ura zan ɗaure wani ɗan ƙaramin ƙusa. Ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na dubi hannuna, yana rawa shi kaɗai kamar ba nawa ba.

Na ajiye kayan aiki na shiga ɗakin shan shayi. Ba kowa. Na ɗauki kofi na cika shi da ruwa har baki, na ɗaga da hannu ɗaya. Mama, ban kai rabin hanya ba. Ruwan ya jiƙa mini riga, ya zuba a kan takalmina. Na tsaya ina kallon ƙasa, kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina cewa ni mai ɗan taɓawa ne. Ashe da a bencinki nake zaune, da tuni kin kore ni gida.

Na je wurin likita ranar, ba zan ɓoye ba. Ya yi mini faɗa, ya ce wanda ya saba sha kullum ba ya yankewa haka kai tsaye ba tare da an duba shi ba. Ya ba ni magani, ya ce in riƙa dawowa. Wannan ban rubuta a zaure ba. Hoton gorar ruwa na ci gaba da sawa. Yau ne jama'a suke ji tare da ke.

Rawar hannun ta lafa bayan 'yan kwanaki. Abin da bai lafa ba shi ne ƙarfe biyar na yamma. Da ta yi, sai ƙafata ta fara neman hanya. In tashi, in zauna, in buɗe firiji, in rufe. Na yi faɗa da mai wanki a kan maɓalli. Na yi tafiya a ƙasa cikin zafin nan da ke dafa mutum a tsaye, ba inda za ni, don kawai kar in zauna da kaina.

Rana ta goma sha bakwai ƙafar ta kai ni ƙofar wani otal. Da gangan na zaɓi wanda ban taɓa shiga ba, can nesa da unguwarmu. Na ce kofi ɗaya, wa zai sani? Na miƙa katin shaidata ga mai gadin ƙofa ba tare da na ɗaga kai ba.

Malam Nuhu ne. Mutumin Zango ne daga Kumasi, Musulmi, yana cikin zaurenmu, ashe a satin aka mayar da shi ƙofar nan. Shi ne ranar da na fara ya aiko da tasa gudummawar ya rubuta a ƙasa, "Nawa na ido ne, ba na kwalba ba." Ya dubi katin, ya dube ni, ya mayar mini. Abin da ya ce ke nan: "Massa Bulus, kwana goma sha bakwai ba wasa ba ne. Tsohuwa na jira. Khalas, ya isa haka, juya."

Na juya. Ba don na zama mutumin kirki a lokacin ba, haushinsa ma na ji, har na zage shi a zuciyata. Amma tun daga ranar, duk yammar da ba ya aiki sai ya taso daga unguwarsu ta Madinat Khalifa ya zo mu sha shayin madarar nan da ake kira karak a bakin titi. Ba ya yi mini wa'azi. Labarin ƙwallo yake yi, da tsadar tumatir.

Kullum da safe ina yin gwajinki. In cika kofi fal, in ɗauka da hannu ɗaya daga wurin famfo zuwa taga. Yau sati biyu ke nan ko ɗigo bai zuba ba.

Nan ne matsalar take, kuma ita ce ta hana ni zama. Gobe wata ya cika. Abin da aka tara ya isa a yi wa Goggo Saratu aiki, da ita da wasu tsofaffin, Yaya Rifkatu har ta karɓo musu rana. Abokaina sun kama tebur jibi, wai za a yi bikin cikar alkawari, kuma kin san da abin da za a yi bikin. Ba mugunta suke nufi ba. Wata guda na ce, wata guda na yi. Zuciyata kuma tana ta kawo mini hujja da dokarki: hannu ya tsaya cak, ai ko Mama Laraba za ta zuba maka.

Tun safe nake juya wannan magana, sai ɗazu na tuna.

Shekarar da na gama sakandare, na dawo gida ina jin na girma. Ranar kasuwa na zauna a benci tare da manya, na miƙo hannu. Kika cika ƙoƙon, na karɓa da hannu ɗaya, bai motsa ba ko kaɗan. Mutane suka yi tafi. Ina shirin kai shi baki kika karɓe, kika juye a tukunya, kika zuba mini kunu. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Kai ba mai saye ba ne. Da tukunyar nan nake fitar da kai daga bencin nan."

Na yi fushi kwana biyu. Ban gane ba sai yau, Mamata. Gwajin ƙoƙo na 'ya'yan wasu ne. Ni ba ki taɓa nufin in ci shi ba. Kin sha hayaƙi shekara talatin, kin tura ni makaranta, na hau jirgi na ƙetare teku, sai na zo na sayi benci na kaina na sa a ɗaki na rufe ƙofa. Ki yafe mini.

Akwai kuma saƙon da Goggo Saratu ta sa aka ɗauko muryarta aka turo mini jiya. Ta sa mini albarka mai tsawo, sannan ta ce, "Ranar da aka kwance mini ido, ku kira mini Bulus a wayar nan mai hoto. Shi zan fara gani."

Mama, kin san idon Goggo Saratu. Ni na tara a buɗe shi, kuma ni zai fara dubawa. Tsoro nake ji. Ba na so abin da za ta fara gani bayan duhun nan ya zama irin fuskar da take ce miki kar ki wahalar da ludayinki.

Da Malam Nuhu ya zo ɗazu na miƙa masa katin giyar na ce ya ajiye mini a wurinsa. Ya ja hannunsa baya ya ce shi ba ya taɓa wannan. Ya tashi ya shiga shagon aski na kusa, ya aro almakashi ya ajiye mini a kan tebur, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ga katin nan a gabana yanzu, gida biyu. Na rubuta wa abokaina cewa zan zo jibi in ci shinkafa, amma su san abin da za su zuba mini. Ba zan yi miki cika baki irin na ranar farko ba. Ban san yadda ƙarfe biyar na jibi za ta same ni ba. Likita zan ci gaba da gani. Rana ta talatin da ɗaya ba wanda zai ba da gudummawa a kanta, tawa ce ni kaɗai.

Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya sāka miki da alheri a kan kowane icen da kika hura domina. Ya ba likitan Goggo Saratu hannu mai tsayuwa, ya buɗe mata ido ita da 'yan uwanta. Ya sa wa Malam Nuhu albarka, da duk wanda ya ba da nasa. Ni kuma ya riƙe mini hannu a inda naki ba ya kaiwa. Amin.

Ki zuba mini kunu, Mama. Na karɓa.

Autanki,
Bulus