Kalmar da Ta Kori Shanun Baffa Juli

Zuwa ga Yayana Issufu, ɗan jarida, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina rubutun nan Inna na tsaye a kaina, tana maimaita tambayarta ta tun safe: wai in kai ba ɓarawo ba ne, ina ka san ɓarayi har ka cika littafi da su? Na ce zan tambaye ka. Tunda ba ka ɗaukar waya amma kana leƙa shafina na yanar gizo, ga shi nan, kowa ya taya ka karantawa.

Littattafanka biyu sun iso Dogon Dutsi, na masu shiga na'urar mutane ba izini, da na tsara garka. Samarin da suka so na farko sun ji haushin na biyu, wai tsufa ya kama ka. Madam Rahila ta kusa da majami'a ta duba hotunan furannin kaf, ta tambaye ni inda aka shuka guro, kuɓewar miya. Na ce babu. Ta ce to mi ake ci? Wani malamin lakkwal, na makarantar boko, kuma ya kawo waya, wai in roƙe ka ka buɗe masa saƙonnin matarsa.

Ni ma da na yi jami'a ban gane ba, Yaya. Na jera su gefe da gefe, sai na ga kamar takalman mutum biyu.

Amma ba wannan ya sa nake rubuto maka ba. A wurin wani suna mata suka tambaye ni me na farkon ke cewa, tunda da Faransanci ka rubuta. Na gyara zama na ce: labarin masu kutse ne. Na biyun fa? Na ce: yadda ake tsara garka da shingenta. Har na yaba wa kaina.

Ka san wanda ake cewa ya yi kutse a nan. Ba mai na'ura ba ne. Kafin kasuwa ta ci sau biyu, magana ta kai garin Ɗan Kassari cewa ɗan Malam Garba, wato kai, ya rubuta wa gwamnati littafi kan makiyaya masu tura shanu gonaki, ya ƙara da na biyu kan yadda za a tare su.

Baffa Juli, aminin Baba, ya ji. An gama girbi, karan gero na tsaye a gonarmu, bai sauke shanunsa su ci su bar mana taki ba. Tun kafin a haife mu bai taɓa tsallake kaka ba. Nonon da yake aiko wa Inna ma ya tsaya. Na aika masa gaisuwa, ya mayar da cewa: a gaya wa ɗiyar Malam, shanuna ba su iya karatu ba, amma sun san inda ba a son su.

Ka tuna ranar da aka rufe Baba? Ka ce mini ka kasa shiga kabarin, Baffa ne ya sauka ya karɓe shi. Baba kuwa kullum cewa yake in ka yi shinge ka bar ƙofa, ba ka san ta inda taki zai shigo ba.

A littafin garkar na sami wurin da ka ce ƙasa mafi kyau da ka taɓa damƙa ita ce inda shanun wani dattijo suka kwana. Wani dattijo, Yaya? Ka faɗi sunan kowane fure, har da na Latin, shi ka bar shi ba suna. Wannan ma ban gane ba.

Yau zan je in karanta masa wurin. Sai dai ni ce zan sake fassarawa, kuma ka ga inda fassarata ta kai mu. Don Allah ka aiko da saƙon murya kafin in isa, da bakinka, da Hausar da ka bari a nan. Ka kira shi Baffa. Ko gaisuwa ce kawai, zan kara masa a kunne.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya zuciyar Baffa, ya dawo mana da kai ko da kwana biyu ne. Ni kuma ya tsare mini bakina.

Ƙanwarka,
Hadiza.

Ga ɗan kabu-kabu ya iso. Inna ta cusa mini goro a jaka, ta zare littafin ɓarayin ta ce wanga ba ya bin ki. Na garkar kaɗai ke hannuna. Ta turo ƙyaure a bayana.